Wasiƙar Zeytin

Shekara goma sha biyu muna tare, ni da Zeytin,
a hawa na huɗu, a Uskudar, inda taga ke kallon ruwa.
Ba ta taɓa ba ni kunya ba.
Ta shiga yashinta, ta tona, ta binne,
ta fito tana karkaɗe ƙafa kamar wadda ta taka ƙaya.

Sai wata Talata da asuba tafin ƙafata ya taka danshi
a kan dardumar da Mukaddes ta zo da ita daga Konya
shekarar aurenmu.
Na daka tsawa. Na nuna yatsa.
Ta dube ni da idon nan nata ruwan zuma,
ta shige ƙarƙashin gado.

Na ce tsufa ya zo mata da rashin ta ido.
Na ce fushi take, don na daina ajiye mata kan kifi.
Na ce abubuwa da yawa.
Wanda ke zaune shi kaɗai, bakinsa ba ya hutawa.

Nebahat ta hawa na biyu, mai maguna bakwai,
ta tare ni a matakala ina haki:
"Hulusi Bey, mage ba ta ramuwa.
Baki ne ba ta da shi, shi ya sa ta rubuta maka wasiƙa a darduma.
Kai ta asibiti kafin ka kai ta ƙara."

Likitar sa'ar jikata ce.
Ta matsa ciki, ta auna fitsari:
ba jini, ba tsakuwa, mafitsara lafiya lau.
"Da muzuru ne yake yunƙuri ba ya fita," in ji ta,
"ko tsakar dare ne, da gudu ake kawo shi."
Sannan ta taɓa kwankwaso.
Zeytin ta yi wata 'yar ƙara da ban san tana da ita ba.

"Gaɓɓai ne. Me ya canza a gidan?"
Na ce ba komai.
Ina rufe baki na tuna:
'yata Feride ta zo daga Ankara watan jiya,
ta sayo sabon akwati mai murfi, mai dogon baki,
ta zuba yashi mai ƙamshin fure,
ta tura shi lungu, jikin injin wanki
da ke jijjiga kamar zai tashi sama.
Gida ya yi tsaf, na yi ta sa mata albarka.
Ba wanda ya tambayi mai shiga.

A jirgin ruwa, kwandonta bisa cinyata,
na tuna masallacin kan tudu da na daina hawa bara.
Ban yi fushi da kowa ba.
Gwiwa ce.

Da yamma na ɗauko zarto.
Na cire murfi, na zaftare baki ɗaya har ya dawo kamu guda ba yatsa biyu,
na goge kaifin da sabulun dutse.
Yashi mai laushi, wanda ba ya ƙamshin komai.
Akwati biyu: ɗaya a ɗakin ɗinkin Mukaddes, inda ba motsi,
ɗaya kusa da gadona, nesa da kwanon abincinta.
Kwashewa safe da yamma, kamar shan maganina.
Nata maganin kuma a cikin kifi, don ba ta da wayon da take zato.

Darduma na wanke ta sau uku,
na shanya a baranda, na naɗe na ɗora kan kabad,
don hancinta ya fi nawa riƙe tarihi.

Kwana biyu ba labari.
Ta zagaya, ta shinshina, ta wuce kamar ba da ita ake ba.
Na yi shiru. Na koyi wannan, ko da a makare.

Daren Juma'a, kafin jirgin farko ya yi kuka,
na ji shi cikin duhu:
ƙarar, ƙarar, ƙarar,
ƙafa tana tonon yashi.
Ban kunna fitila ba.
Ta gama, ta zo gindin gado ta tsaya tana auna tsayinsa.
Na sunkuya, gwiwata na ƙara,
na ɗauko ta.